Kurakuran da aka fi yi wajen lissafin kason tsofaffi a ƙasa

Na gaji da gyara abu ɗaya a takardun yaran da ke kawo min aiki in duba musu a nan Legas, masu furojet na makaranta da masu aikin ƙungiyoyi, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya gani. Maganar kason tsofaffi a cikin jama'ar ƙasa da yadda yake hawa ko sauka ba wani abu mai wuya bane, amma kullum wuri ɗaya ake tuntuɓe.

Wanda aka fi yi shi ne cakuɗa kaso da adadi. Yaro zai ga cewa masu shekara 65 zuwa sama a Najeriya kusan kashi 3 cikin ɗari ne, kuma shekaru da yawa lambar tana nan wurin, sai ya rubuta wai tsofaffinmu ba su ƙaru ba, babu abin damuwa. Haba! Ƙidayar 1963 ta ba da mutum miliyan 55 da ɗoriya, ta 1991 kusan miliyan 89, ta 2006 miliyan 140, yanzu kuma ana ƙiyasin mun haura miliyan 220. Kashi 3 na miliyan 55 bai kai miliyan biyu ba, kashi 3 na miliyan 220 kuwa ya wuce miliyan shida da rabi. Mutane ne fa masu hawan jini da ciwon suga da ciwon gwiwa, galibinsu ba su taɓa aikin albashi ba balle a yi zancen fansho. Ni duk tebur ɗin da zan yi sai na ajiye layi biyu kafaɗa da kafaɗa, kaso a nan adadi a nan, wanda ya kawo min guda ɗaya na mayar masa.

Daga nan sai dalili. Kowa ya ji an ce Japan ta tsufa sai ya ce ai mutanensu ne ke daɗewa a duniya. Gaskiya ne suna daɗewa, amma babban abin da ke ɗaga kaso shi ne raguwar haihuwa. Kamar shayi ne, sukari ɗaya ne a kofin, in mai shayi ya rage ruwa zaƙi ya fito, in ya cika ruwa ya salamce. Japan a 1950 kusan kashi 5 take, 1970 ta kai 7, 1994 ta kai 14, yau tana wajen 29. Faransa sai da ta yi shekara 115 kafin ta tashi daga 7 zuwa 14, Japan shekara 24 kacal, Koriya ta Kudu ko 20 ba ta cika ba, kuma yau mace ɗaya a can a matsakaici ba ta kai haihuwa ɗaya ba. Mu kuwa binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna haihuwa 5.3 ga mace ɗaya, amma Legas 3.4 ne Katsina 7.3. To ka ga ko a cikin gida ba tare za mu tsufa ba, kuma duk ranar da haihuwa ta sauka sosai kason nan zai tashi da gudu irin na Asiya, ba a hankali irin na Faransa ba.

Yanzu ga wanda ke ɓata min rai da gaske, tambayar shekaru. Wata ƙungiya ta taɓa ba ni aikin tattara bayanan dattawan Hausawa a Agege da Idi-Araba, na ɗauko samari na raba musu fom. Da takardu suka dawo na zuba su a kwamfuta sai ga tsofaffin unguwa kusan duk shekara 60 ne, ko 70, ko 80, jefi-jefi 65. Ba mai 62, ba mai 68, ba mai 71. Masu ƙungiyar suka ce ba za su karɓa ba kuma suna da gaskiya, suka riƙe sauran kuɗin, daga aljihuna na sake biyan kuɗin mota da na abinci aka koma gida-gida, wasu dattawan ma suka ƙi fitowa don sun ce ba jiya muka tambaye su ba. Da na bi yaro ɗaya na ga yadda yake yi, tsayawa yake a tsaye da biro a hannu, "Baba shekarunka nawa?" Baba ya ce "Allah ne masani yaro, sa sittin." Shikenan ya sa sittin ya wuce. Wannan ba aiki bane, lalaci ne da rashin tarbiyya a haɗe. Mutumin da aka haifa a ƙauye ba takardar haihuwa, ka tsaya a kansa kamar mai karɓar haraji, me kake so ya ce maka? Kuma ɓarnar ba ƙarama bace, don duk mai 67 da aka jefa cikin sittin ka cire shi daga lissafi, mai 63 da aka jefa cikin 65 kuma ka sa shi inda ba nasa ba, kason 65 zuwa sama ya rushe kenan.

Ni yadda nake yi, in na je sai na durƙusa na gaida su tukuna, na zauna a tabarma, sannan in ce "Baba, lokacin da aka kashe Sardauna kuna ina?" Janairun 1966 kenan. In ya ce yana makarantar allo bai sauke ba, na san inda zan fara. In mace ce, "Inna, da aka canza kuɗi daga fam zuwa naira an yi muku aure?" 1973 kenan. Akwai yaƙin basasa 1967 zuwa 1970, canjin hannun tuƙi 1972, kashe Murtala a Fabrairun 1976 a nan Legas ɗin, rikicin Maitatsine a Kano ƙarshen 1980. Duk suna rubuce a wayata. Abu biyu nake tambaya ba ɗaya ba, in sun yi daidai da juna sai in rubuta. Wanda aka haifa shekarar samun 'yancin kai, 1960, a 2025 ya cika 65, wannan shi ne ma'aunina na farko. Yana cin lokaci, eh, to in ba ka da haƙurin zama da tsoho me ya kai ka aikin tsofaffi?

Kada kuma ka tsaya a kasuwar Mile 12 ko Alaba Rago ka ga 'yan dako da masu sauke albasa duk samari, ka yanke hukunci wai Hausawa ba su da tsofaffi. Ci-rani ne. Da yawa in ƙarfi ya ƙare gida suke komawa, Sakkwato ko Kano ko Katsina, sai birni ya zama na matasa ƙauye ya cika da dattawa. Haka Qatar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suke cikin masu mafi ƙarancin kaso a duniya, ba don komai ba sai ma'aikata baƙi da suka cika ƙasashen. Agege daban ce, can akwai gidajen da kakanninsu ma a nan aka haife su, a nan suke tsufa a nan ake binne su, don haka ka tambayi mutum in mazauni ne ko ɗan ci-rani kafin ka haɗa su a tebur ɗaya.

Sauran ƙanana ne amma ina ganinsu kullum. Wani rahoto daga 60 yake fara ƙirga, wani daga 65, kar ka jera su tare, a Najeriya 60 zuwa sama wajen kashi 5 ne. In ka ga an ce tsawon rai a ƙasar nan shekara hamsin da wani abu ne, ba ana nufin kowa nan yake mutuwa ba, mutuwar jarirai da ƙananan yara ce ke jawo lambar ƙasa. Raba maza da mata, mata sun fi yawa a manyan shekaru kusan ko'ina. Sannan tun 2006 ba a sake ƙidaya ba, wadda aka shirya a 2023 an ɗage ta, saboda haka duk lambar da ka ɗauko ta bayan nan, ko ta Majalisar Ɗinkin Duniya ce, ka rubuta ƙiyasi a gefenta da shekarar da aka yi shi.