Yadda Ake Shiga Aikin Kashe Wutar Daji a Amurka

Wanda yake son ya yi aikin kashe wutar daji a watan Yuni, tun Satumban shekarar da ta gabata ya kamata ya fara nema. A nan ne yawancin sababbi suke faɗuwa. Suna jira sai sun ga hayaƙi ya turnuke Kalifoniya a talabijin sannan su tashi, alhali an daɗe da cike guraben wannan shekarar. Hukumomin tarayya sukan fitar da sanarwar ɗaukar ma'aikatan bazara mai zuwa tun daga ƙarshen Agusta zuwa Nuwamba, wata sanarwar kuma mako biyu kacal take yi a rufe ta.

Tun da wuri ka san irin aikin da kake nema. Ya sha bamban da na 'yan kwana-kwana na cikin gari. Galibin yini haƙa ne da sara da tafiya a kan duwatsu. Ana yanke wa wuta hanya ne ta hanyar share layi, a kankare ciyawa da ganye da saiwoyi har sai an kai ga tsurar ƙasa wadda babu abin da zai ci wuta a cikinta. In wutar ta lafa, sai a shafe kwanaki ana bin kututture da ramukan toka, ana tonawa, ana cakuɗa garwashi da ƙasa ko ruwa, ana kara bayan hannu a ji ko da sauran zafi. Wannan bin garwashin shi ne ya fi cin lokacin sabon ma'aikaci, kuma a nan shugabanni suke gane mai haƙuri da mai ha'inci.

Waɗanda suke ɗauka

A shekarar 2025, hukumomin tarayya biyar ne suke da rundunonin wutar daji. Mafi girma ita ce Hukumar Gandun Daji, Forest Service, a ƙarƙashin Ma'aikatar Noma. Sauran huɗun suna ƙarƙashin Ma'aikatar Cikin Gida: BLM mai kula da filayen gwamnati, hukumar wuraren shaƙatawa na ƙasa, hukumar kifaye da namun daji, da hukumar harkokin ƙabilun asali. Cibiyar da take daidaita rabon mutane da jirage a faɗin ƙasar tana birnin Boise na jihar Idaho. Duk aikin tarayya ta shafin USAJOBS ake nemansa, kuma sai ɗan ƙasa wanda ya cika shekara 18. Namiji sai ya nuna ya yi rajistar Selective Service, wato rajistar mazan da za a iya kira aikin soja. Akwai gwajin lafiya da na ƙwaya, kuma tabar wiwi haram ce a dokar tarayya ko da jihar da kake zaune ta halatta ta.

Wanda ba ɗan ƙasa ba ne amma yana da izinin aiki, hanyarsa ita ce kamfanonin kwangila, waɗanda suke da yawa a jihar Oregon. Nagartarsu ta bambanta ƙwarai. Kafin ka sa hannu, tambayi ko ana biyan kwanakin jira, domin wasu ba sa biya sai ranar da aka kira ayari zuwa wuta. Jihohi ma suna da nasu hukumomin, irin su CAL FIRE ta Kalifoniya, kowace da sharuɗɗanta da lokacin ɗaukarta.

Takardar neman aiki da kiran waya

A matakan albashin gwamnatin tarayya, matakin shiga shi ne na 3 ko na 4. Na 3 yana buƙatar wata shida na kowane irin aiki da ya nuna za ka iya, ko shekara ɗaya ta karatun gaba da sakandare. Na 4 sai da ƙarin wata shida na aikin da ya shafi daji ko wuta, ko shekara biyu ta karatu mai alaƙa da fannin. Masu tace takardu ba sa yi maka zato, abin da ka rubuta kawai suke lissafawa. Kowane aiki ka sa watan farawa da na gamawa da yawan sa'o'in da kake yi a mako. Takardar da babu sa'o'i a cikinta takan faɗi tun a tacewar farko, ko da mai ita ya cancanta. Aikin gona, gini, sassabe, tuƙin babbar mota, gyaran inji, aikin soja, duk suna da daraja a nan, saboda haka ka faɗi kayan aikin da ka riƙe da nauyin da ka saba ɗauka.

Sanarwa ɗaya takan ƙunshi tashoshi masu yawa, kai ne za ka zaɓi inda kake so. Zaɓi ƙananan garuruwa masu nisa a Nevada, gabashin Oregon, Idaho ko Montana, inda masu nema ba su da yawa kuma sau da dama akwai ɗakin kwana na gwamnati mai araha. Bayan ka tura takarda, nemi lambar tashar ka kira shugaban ayarin. Faɗi sunanka, ka ce ka nema, ka tambayi ranar fara aiki da batun masauki da irin motsa jikin da suke yi. Sunaye ɗaruruwa ne suke zuwa gabansa, wanda ya ji muryarsa shi yake tunawa. Daga Disamba zuwa Fabrairu kada ka ƙi ɗaga baƙuwar lamba, kuma ka riƙa duba imel kullum, domin tambayar ko har yanzu kana sha'awa takan zo da wa'adin kwana biyu ko uku.

Gwajin jaka

Babu mai taka layin wuta sai ya ci gwajin nan: tafiyar mil 3, wato kusan kilomita 4.8, da jaka mai nauyin fam 45, kimanin kilo 20, cikin minti 45 a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya. An hana gudu, sai dai sauri. Kowane mil minti 15 ke nan, kuma duk shekara ake sake shi.

Cin gwajin bai nuna ka shirya ba. Shi ne mafi ƙanƙantar abin da ake nema, aikin kansa hawan tudu ne da kaya na sa'o'i masu yawa. Fara shiri aƙalla wata uku kafin lokaci. Soma da kilo 7 zuwa 9, kana ƙara kilo biyu duk mako ko biyu, kana hawan tudu ko matakala sau biyu a mako, gudu sau biyu ko uku, tare da motsa jiki na ƙarfafa baya da kafaɗu. Wanda ya ɗora kilo 20 a ranar farko yakan ƙare da ciwon ƙwauri ko gwiwa, ya rasa makonnin da yake bukata.

Haɗarin makon farko shi ne narkewar tsoka. Idan jikin da bai saba ba ya sha wahala fiye da kima cikin zafi, tsoka takan farfashe ta zuba sinadarinta cikin jini, ya je ya toshe ƙoda. Alamominsa ciwon tsoka da ya wuce na gajiya, kumburi, kasala, da fitsari mai duhu. Wanda ya ga haka ya gaya wa shugabansa nan take a kai shi asibiti, ya kuma faɗa wa likita irin aikin da ya yi domin a gwada jininsa. Sababbi sukan ɓoye don kada a ce ragwaye ne, ɓoyewar kuwa ita ce take kai mutum ga wankin ƙoda.

Horo da kaya

Darussan farko biyar ne: S-130 na dabarun aiki, S-190 na halayyar wuta, L-180 na yadda gajiya da tsoro suke ɓata tunani, sai ICS-100 da IS-700 na tsarin shugabanci a lokacin aukuwar bala'i. Biyun ƙarshe kyauta ne a shafin FEMA, hukumar ba da agajin gaggawa ta tarayya, ka gama su tun kana gida ka sa a takardarka. Sauran ukun, hukumar da ta ɗauke ka takan koyar da su a makon farko, tana biyan ka. Idan ka haɗa darussan da gwajin jaka, sai a ba ka katin shaida da ake kira jan kati, da matsayin FFT2, wato matakin farko na mai kashe wutar daji.

Hukuma ce take ba da riga ruwan ɗorawa da koren wando na yadin Nomex mai jure wuta, da hular kwano, safar hannu ta fata, tabarau, jaka da tantin tsira, wato ɗan ƙaramin tanti mai ƙyalli da mutum yake shiga idan wuta ta rutsa da shi. Takalmi kai za ka saya: na fata, mai igiya, tsayinsa aƙalla inci 8, mai tafi mai kauri da ba ya narkewa. Saye shi wata biyu kafin fara aiki ka riƙa yawo da shi, domin sabon takalmi a yinin sa'a 16 bororo ne kawai zai cika maka ƙafa. Kayan ciki kuma su zama na auduga ko ulu. Yadin roba yana narkewa ya manne a fata ko da harshen wuta bai taɓa shi ba.

Kayan aikin da za a fara miƙa maka shi ne Pulaski, gatari a gefe guda, fartanya a ɗaya gefen. Sunan Ed Pulaski ya ci, jami'in gandun dajin da ya ceci yawancin mutanensa a cikin ramin haƙar ma'adinai lokacin babbar gobarar 1910 a Idaho. Koyi wasa shi da magagari, ka kuma bar tazarar ƙafa 10 tsakaninka da na kusa da kai yayin sara.

Wane ayari

Ayarin ƙafa mutum 18 zuwa 20 ne, masu zarto mai inji a gaba, masu haƙa a baya. Motar ruwa tana ɗaukar mutum uku zuwa biyar, kuma a nan ake koyon famfo da shimfiɗa tiyo da kai ɗauki ga sabuwar wuta. Waɗannan biyun su ne ƙofar sabon shiga. Ayarin Hotshot, wanda ake turawa wurare mafiya wuya, yakan fi son wanda ya yi kakar wuta ɗaya ko biyu, kuma ma'aunin da ake so a wurinsu ya haɗa da gudun mil ɗaya da rabi cikin minti 10 da daƙiƙa 35. Masu zuwa da helikwafta da masu dirowa da laima, waɗanda suka fara dirar wuta a 1940, sai bayan an goge.

Kuɗi da lokaci

Aikin wucin gadi na tarayya ba ya wuce sa'a 1,039 a shekara, ban da ƙarin lokaci, wato kusan wata shida. A 2021 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa dala 15 a sa'a, a Maris na 2025 kuma aka kafa sabon jadawalin albashi na dindindin ga masu kashe wutar daji. Adadin kowane wuri yana cikin sanarwar aikin. Asalin kuɗin yana fitowa ne daga ƙarin lokaci, wanda ake biya ninki ɗaya da rabi, da kashi 25 cikin ɗari na haɗari a ranakun da aka yi aiki a kan wutar da ba a shawo kanta ba. Shekarar da aka yi ruwa sosai, kuɗin yakan ragu matuƙa. Kada ka ci bashin mota bisa lissafin kakar da ba ta zo ba, kuma ka ware na hunturu tun daga albashin farko.

Tura aiki ɗaya kwana 14 ne ban da kwanakin tafiya, sai hutun kwana biyu ko uku. Ƙa'ida ita ce sa'a ɗaya ta hutu ga kowace sa'a biyu ta aiki, shi ya sa yini yakan kai sa'a 16. Kwana a ƙasa ne, waya sau da yawa ba ta kamawa. Mai iyali ya zauna da su a yi maganar nan tun kafin ya karɓi aikin.

Abin da yake kashe mutane

Za a ce ka haddace dokoki 10 da aka tsara a 1957 da yanayoyi 18 na hattara. Ka haddace su da gaske, domin daga gawarwaki aka samo su. A Mann Gulch ta Montana mutum 13 suka mutu a 1949 lokacin da wuta ta biyo su a kan gangare mai busasshiyar ciyawa. A South Canyon ta Kolorado 14 suka mutu a 1994. A Yarnell ta Arizona, ranar 30 ga Yunin 2013, mutum 19 na ayari guda suka halaka bayan iskar hadari ta juya akalar wuta. Wuta tana gudu a hawan tudu fiye da yadda mutum zai iya, saboda zafinta yana busar da abin da yake sama da ita tun kafin ta isa.

Kafin ka sara ƙasa, ka san abu huɗu: wa yake gadin wutar daga wurin da yake ganinta, ta yaya zai sanar da ku, ta ina za ku fita, kuma ina ne wurin tsira. Idan ba a faɗa ba, tambaya. Sabon ma'aikaci yana da haƙƙin tambaya, yana kuma da haƙƙin ƙin aikin da ya ga babu tsaro a cikinsa. Wurin da ya riga ya ƙone ƙurmus shi ne mafi aminci, shi ya sa ake son aiki daf da shi. Tantin tsira kuwa yana mayar da zafin da yake haskowa daga nesa, amma ba ya jure harshen wuta kai tsaye na dogon lokaci. Ka gwada buɗe na koyo har sai ka iya shiga cikin ƙasa da rabin minti da safar hannu, sannan ka yi aiki kamar ba ka da shi. Ban da wuta, matattun bishiyoyi masu faɗowa ba zato, haɗarin mota bayan dogon yini, da bugun zafi suna cin rayuka da yawa. Sha ruwa kusan lita ɗaya a sa'a lokacin aiki mai tsanani, tare da abinci mai gishiri.

Bayan kakar farko

Mataki na gaba shi ne FFT1, mai jagorantar mutum uku zuwa biyar. Ana samunsa ta littafin ayyuka wanda ƙwararre yake sa wa hannu duk lokacin da ya ga ka yi wani aiki daidai a filin wuta, tare da darasin S-131. Darasin zarto S-212 da na famfo S-211 suna ƙara maka farashi. Dokar 2015 ta ba wanda ya tara wata 24 na aikin wucin gadi a hukumomin filaye damar neman guraben dindindin da ake warewa ma'aikatan cikin gida. Akwai kuma shirin koyon sana'a na tarayya mai sa'a 3,000 wanda yake kai mutum ga aikin dindindin. Lura da shekaru: gurbin dindindin na layin wuta ba a fara shi bayan shekara 37, sai ga wasu tsofaffin sojoji, domin ritayar dole tana zuwa a 57.

Kafin ka bar tasha a ƙarshen kaka, karɓi kwafin takardar kimanta aikinka, da shaidar kowane darasi, da jerin gobarar da ka je tare da ranakunsu, ka kuma nemi izinin shugabanka ka sa sunansa a matsayin mai shaidarka. Sanarwar shekara mai zuwa takan fito kana cikin daji, don haka ka sabunta takardarka a USAJOBS tun watan Yuli, yadda ranar hutu ɗaya da intanet za ta ishe ka turawa.