Kurakuran da muke yi kan kason da Abuja ke turo wa Kano

Duk wata idan kwamitin rabon kuɗin asusun tarayya (FAAC) ya zauna ya raba kuɗi, sai teburan masu shayi daga Fagge har Kabuga su ɗauki zance. Sai dai yawancin hirar a kan kuskure ake ɗora ta.

Wanda ya fi damuna shi ne ɗaukar kason nan a matsayin kyautar shugaban ƙasa. Haƙƙi ne da sashe na 162 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanada. Daga asusun tarayya, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma su raba 20.60. Wanda ya zaci alheri aka yi masa godiya kawai zai yi, ba zai taɓa neman lissafi ba.

Sai masu cewa tunda ƙidayar 2006 ta sa Kano a gaba, dole mu fi kowa samu. Yawan jama'a kashi 30 kaɗai yake ci a ma'aunin rabo tsakanin jihohi, kashi 40 kuwa daidai wa daida ake yi. Kafin ma a zo nan, an ware kashi 13 na kuɗin mai ga jihohin da ake haƙo shi, abin da ya sa Delta da Ribas ke wuce mu.

Akwai kuma ruɗin manyan alƙaluma. Tun cire tallafin mai a 2023 kason ya kumbura, amma darajar naira ta faɗi. A auna shi da farashin buhun siminti tukuna, sannan a duba abin da ya rage bayan an zare bashi.

Kuskuren da ya fi cutar da mu shi ne mantawa da ƙaramar hukuma. Kano na da 44, kowacce da kasonta. A ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye, ba ta asusun haɗin gwiwa da jiha ba, kodayake aiwatarwar na tafiyar hawainiya. Malam, idan kwatar layinku ta toshe ko rufin firamaren unguwarku ya yaye, kada ka tsaya zagin Abuja. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa na wallafa kason kowace ƙaramar hukuma a intanet. Nemo na Dala ko Gwale ko Kumbotso, ka rubuta a takarda, ku haɗu da dattawan unguwa ku je wurin kansila ku tambaye shi inda kuɗin ya shiga.