Yadda Ake Gwada Laushin Kankare Idan An Gauraya Siminti Da Toka

Duk garin da aka ƙara wa siminti yana sauya yadda kwaɓin kankare yake gudana, kuma wanda bai san halin garin da ke hannunsa ba, shi ne yake kai hannu ga bokitin ruwa da zarar kwaɓi ya yi tauri, alhali ruwan da ya wuce ƙima yana rage ƙarfin gini.

Da farko a duba buhun simintin, domin yawancin wanda ake sayarwa a Najeriya tun daga masana'anta an riga an gauraya shi da garin dutsen farar ƙasa, kuma wannan gari yana cike giɓin da ke tsakanin ƙwayoyin siminti. Tokar kwal ta tashoshin wutar lantarki ƙwayoyinta a mulmule suke, saboda haka suna mirginawa, kwaɓi ya yi laushi ko da an rage ruwa. Ƙurar silika kuwa, wadda ake samu daga masana'antun narka silikon, ƙwayoyinta sun fi na siminti ƙanƙanta kusan sau 100, tana sa kwaɓi ya yi danƙo, shi ya sa ba a cika wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyin siminti ba.

Tokar ɓuntun shinkafa ce ta fi kusa da mu, ganin yadda ɓuntu yake tarin tsiya a wuraren casar shinkafa na Kura da Argungu, kuma ita ce ta fi bukatar lura. Ƙwayoyinta cike suke da ƙananan ramuka masu shan ruwa, saboda haka kwaɓin da ya fito daga inji da laushi yana iya yin tauri kafin leburori su kai shi kan fila, musamman a zafin bazara. Sai an ƙona ɓuntun a zafin digiri 500 zuwa 700 na ma'aunin Celsius, an niƙa tokar ta yi luƙui, sannan take amfani. Baƙar tokar juji a ganina ɓarnar siminti ce kawai.

Gwajin laushin kankare ba shi da wahala. Ana amfani da mazubin ƙarfe mai tsayin milimita 300, faɗin gindinsa 200, bakinsa 100. A jiƙa cikinsa, a dasa shi a kan shimfiɗaɗɗen faranti, a taka kunnuwansa da ƙafa, a cika shi hawa uku, kowane hawa a caccake shi sau 25 da rodi mai kaurin milimita 16. A shafe saman, a ɗaga mazubin a miƙe ba tare da murɗawa ba, sannan a auna yawan zaman da kankaren ya yi, wato yadda samansa ya sauka ƙasa da tsayin mazubin. Zama na milimita 50 zuwa 100 ya wadatar ga yawancin fila da bim. Idan kwaɓin ya zube gefe guda, ko ruwan siminti ya tsere ya bar tsakuwa tsirara, to haɗin bai kama ba.

A fara da kwaɓin da babu toka, sannan a maye gurbin kashi 10 cikin 100 na siminti da toka, bisa nauyi, ba da kwano ba, a bar ruwan yadda yake. A sake gwaji bayan minti 30, domin a nan tokar ɓuntu take nuna halinta. Idan laushi ya gaza, a zuba sinadarin sassauta kankare bisa ƙimar da masu yin sa suka rubuta. Daga kowane haɗi a cika ƙananan akwatunan gwaji, bayan kankaren ya daskare a ciro tubalan a jiƙa su cikin ruwa, a kai su ɗakin gwaji a matse su don auna ƙarfinsu a kwana na 28 kafin a yarda a zuba haɗin a gini.