Yadda za a kashe rigimar da ke ta dawowa a kasuwancin iyali, bisa koyarwar Littafi Mai Tsarki

Idan faɗa iri ɗaya yana tashi duk ƙarshen wata tsakanin uba da ɗa, ko wa da ƙani, a harkar da suka haɗa, da wuya ya zama mugun hali kaɗai. Yawanci akwai abin da ba a taɓa yankewa ba: wa ke da jari, nawa ne albashin kowa, wa ke da maganar ƙarshe. A yi addu'a, a yafe wa juna, amma muddin ba a daidaita waɗannan ba, za a koma gidan jiya.

Ku fara da rubutu. Wasu na ganin rubuta yarjejeniya da ɗan'uwa rashin amana ne. Annabi Irmiya bai ga haka ba. Da ya sayi gona a Anatot daga Hanamel, ɗan baffansa, ya auna shekel 17 na azurfa, ya sa hannu a takarda gaban shaidu, aka adana ta a tulun yumɓu don ta daɗe (Irmiya 32). Takardarku ta faɗi kason kowa cikin ɗari, aikin kowa, da abin da zai faru da kason wanda ya rasu ko ya so fita. Kowa ya riƙe kwafi.

Sai ku raba albashi da riba. Mai aiki kullum a biya shi albashi tsayayye, ko da ɗan mai jarin ne. Riba kuma a raba ta bisa kaso, a lokacin da aka tsayar, bayan an cire kuɗin gudanarwa. Yakubu ya yi wa Laban, kawunsa kuma surukinsa, aiki shekara 20, aka canza masa lada sau goma (Farawa 31), ƙarshenta ya gudu a ɓoye. Ladan da ke bin ran babba haka yake ƙarewa. Asusun kasuwanci ya zama daban da na gida, duk wanda ya ɗauki kuɗi a rubuta, manyan kuɗi kuma kada su fita sai da sa hannun mutum biyu.

Rigima ta riga ta tashi? Bi matakan Matiyu 18:15-17 a jere. Je wurin wanda kuke rigimar da shi, ku biyu kawai, da magana ɗaya takamaimai, ba tarin tsofaffin laifuffuka ba. In bai ji ba, ɗauki mutum ɗaya ko biyu. A nan ake yawan kuskure: a kira uwa ko matan aure, sai gida ya rabu biyu. Nemi wanda ba shi da kaso a ciki kuma ya iya karanta lissafi. Bayan haka ne ake kai wa dattawan ikilisiya. Bulus ya tsawata wa masu gaggawar kai 'yan'uwa kotu (1 Korantiyawa 6), amma wannan bai hana neman lauya ya tsara takardu tun farko ba.

Wani lokaci rabuwa ce gyaran. Da makiyayan Ibrahim da na Lutu, ɗan ɗan'uwansa, suka riƙa faɗa kan wurin kiwo, Ibrahim, wanda shi ne babba, ya bar Lutu ya fara zaɓa (Farawa 13). Ku kira mai ƙiyasta kadara daga waje, a lissafa basussuka kafin kaya, ɗaya ya raba, ɗayan ya zaɓa, a sa hannu gaban shaidu.