Yadda za ka shiga tarihin Keltawa da jagorancin Barry Cunliffe

In kana son sanin su waye suka cika Turai kafin Rumawa su mamaye ko'ina, toh Keltawa za ka nema, kuma ni dai shawarata ka fara da Barry Cunliffe. Baturen Ingila ne, an haife shi 1939, ya yi farfesan ilimin tonon kayan tarihi a Jami'ar Oxford daga 1972 har 2007. Abin da yasa nake yarda dashi shine mutumin ya sha rana da kansa, daga 1969 zuwa 1988 yana tono a Danebury, wani tsohon gari mai ganuwa a kan tudu a kudancin Ingila, amma in yazo rubutu sai ya sauko ƙasa yadda kowa zai gane.

Ka nemi ƙaramin littafinsa The Celts: A Very Short Introduction na 2003, kar ka yi gaggawar ɗauko manyan tukuna. Ka buɗe taswira a waya kana karatu kana dubawa, don wallahi in babu taswira sunayen garuruwan nan rikita ka zasu yi. Guda biyu kawai za ka haddace da farko: Hallstatt a Ostiriya inda ake haƙar gishiri, sai La Tène a bakin wani tafki a Suwizalan, wadda salon adonta ya bazu daga wajen shekara ta 450 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Daga nan sai ka bi tafiyarsu, yadda suka afka wa birnin Rum wajen 390, suka kai hari Delphi ta Girka a 279, duk kafin haihuwar Annabi Isa (AS), har wasu suka tsallaka suka zauna a ƙasar da yanzu ake kira Turkiyya.

Inda nake so ka fi nutsuwa shine wajen tambayar waye ya bada labarin. Malamansu, wato druid, basa rubuta iliminsu, hadda suke yi, Julius Kaisar, jagoran yaƙin Rumawa, ma yace wasu sukan kai shekara 20 suna koyo. Kaga kenan yawancin abin da ya iso mana rubutacce daga Girkawa ne da Rumawa, shi Kaisar ɗin kuwa yaƙarsu yayi daga 58 zuwa 50 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shi ya karya jagoransu Vercingetorix a Alesia, cikin Faransa ta yau, a 52, kamar ace ka karanta faɗuwar Sakkwato ta 1903 daga bakin Lugard shi kaɗai. Don haka duk abin da Barume ya faɗa, ka duba me Cunliffe yace an tono a ƙasa, tukwane ne, takubba ne, rumbunan hatsi ne, ka auna.

Abu ɗaya kuma, Cunliffe da John Koch, wani masanin harsunan Keltawa, suna ganin harshen Keltawa daga gaɓar tekun Atlantika ya taso ya nufi gabas, masana da yawa basu yarda ba, saboda haka ka riƙe shi a matsayin ra'ayi. In turancin littafin yayi maka nauyi akwai laccocin Cunliffe a YouTube, ka fara sauraro sannan ka koma kan karatun.