Yadda Ake Saita Injin Walda Mai Waya Mai Hoda a Ciki

Yan uwa masu walda da yawa yanzu sun fara sayen ƙananan injinan nan masu tura waya da kansu, wato maimakon ka riƙa canza elektirod duk bayan minti ɗaya sai waya ta riƙa fitowa daga bakin bindiga kana ja kawai. Wayar nan ba irin ta MIG bace (wato waldar da ake yi da waya da silindar gas) mai ƙarfe zalla, bututu ce siririya an cusa mata hoda a ciki, hodar ce ke narkewa ta bada hayaƙin kariya sannan ta bar ɓawo a saman waldar kamar dai yadda elektirod yake bari. Abinda yake damuna shine mutum zai kashe kuɗinsa ya sayo inji, ya gwada kwana biyu yaga sai tartsatsi da ramuka, sai ya jefa shi lungu yace jabu ne. Sau da yawa kuma wallahi injin lafiyarsa lau, saiti ne ba'a yi ba.

Kafin ka taɓa kowane maɓalli ka karanta abinda aka rubuta a jikin nadin wayar, don iri biyu ce. Akwai wadda bata buƙatar gas, zaka ga an rubuta E71T-11 ko E71T-GS, akwai kuma mai buƙatar gas irin E71T-1, ita sai da silindar CO2 ko gaurayen argon kashi 75 da CO2 kashi 25. Lamba 7 ɗin tana nufin ƙarfin waldar ya kai psi dubu 70 (psi ma'aunin ƙarfin da ƙarfe yake jurewa ne), lamba 1 da take bin 7 ɗin kuma tana nufin zaka iya aiki da ita a kwance, a tsaye, har sama da kai. Mai GS ɗin nan shafa ɗaya aka yi ta domin shi, kada ka riƙa hawa layi kan layi da ita akan ƙarfe mai kauri, zata iya tsagewa. Ita ma T-11 mai kaurin milimita 0.9 tana da iyaka, kamfanin Lincoln misali ya tsayar da tasa NR-211-MP mai wannan kaurin a faranti milimita 8.

To ga inda mafi yawa suke faɗuwa, haɗin kebul. E71T-11 da mafi yawan masu GS suna son bindiga ta kasance a nagetif, maƙalin da kake kamawa a jikin ƙarfe kuma a fozitif. E71T-1 mai gas akasin haka ne, bindiga a fozitif. Injina da yawa suna zuwa a haɗe irin na MIG ne, sai mutum ya ɗora waya marar gas haka nan, kaga tartsatsi kamar ana soya ƙosai da ruwa a cikin mai, waldar ta taru a sama bata shiga ƙarfe ba. Buɗe murfin gefe inda waya take ko ka duba gaban injin, zaka ga wurin musanya kebul ɗin. Aikin minti biyu ne amma shine rabin gyaran.

Sai ƙafafun da suke tura wayar. Tunda bututu ce mai taushi a sa mata ƙafa mai haƙora-haƙora, kuma ramin yayi daidai da kaurinta, 0.8 ko 0.9 ko 1.2. Kada ka ɗaure sukurun sosai, in ka matse zata baje, hoda ta riƙa zubewa cikin tiyo tana toshe shi. Ka ɗaure daidai yadda zata tafi ba tare da santsi ba shikenan.

Yanzu maɓallai biyun da suke jikin injin, wato na gudun waya da na boltej. Mu da muka taso da elektirod mun saba da maɓalli ɗaya na ƙara wuta, a nan kuwa gudun waya shine yake kawo amfiya, in ka ƙara gudu wuta ta ƙaru kuma walda ta ƙara nutsewa cikin ƙarfe. Boltej kuma tsawon harshen wutar yake gyarawa da faɗin layin. Saboda haka kaurin ƙarfe shi zai gaya maka gudun waya, daga nan sai ka nemo boltej ɗin da ya dace da wannan gudun, ba wai ka riƙa murɗa su tare ba kana addu'a.

Wurin farawa: waya marar gas 0.9 akan ƙarfe milimita 3 zuwa 5, sa gudu tsakanin mita 3 zuwa 5 a minti, boltej 16 zuwa 19. Mai gas 1.2 akan faranti mai kauri, mita 7.5 zuwa 10 a minti zai baka wajen amfiya 185 zuwa 230, boltej 24 zuwa 27, in CO2 zalla ne ka ƙara kamar bolt ɗaya akan na gauraye. Gas kuma lita 16 zuwa 20 a minti. Waɗannan na fara gwaji ne, takardar kamfanin da yayi wayarka ita ce gaba da maganata. In injinka irin mai lamba 1 zuwa 10 ne kawai ba allon da yake nuna gudun a jiki, danna bindiga daƙiƙa 6 a iska, auna wayar da ta fito da tef, ninka sau 10, ka samu gudunka na minti ɗaya. Ka rubuta a jikin injin da maka.

Ɗauko guntun ƙarfe irin na aikin ka goge tsatsa da fenti da giranda, ka ja layi kana saurare. In wayar tana dukan ƙarfe tana turo maka hannu baya, boltej yayi kaɗan ko gudu yayi yawa, layin ma zaka ganshi siriri ya tashi kamar igiya. In harshen yayi tsawo yana huci, manyan ɗigo suna faɗowa, gefen layin yana cinye ƙarfe ya bar kwari, boltej yayi yawa. Waya marar gas musamman bata yafe yawan boltej, bolt ɗaya ko biyu a sama sai ka cire ɓawo kaga ƙananan ramuka ko wasu zane kamar sawun tsutsa. Canza abu ɗaya kawai a kowane gwaji, rabin bolt ko bolt ɗaya, ka sake ja.

Abu na uku da babu maɓallinsa a inji yana hannunka, wato tsawon wayar daga ɗan tagullar da take fitowa ta cikinsa a bakin bindiga zuwa ƙarfe. Wannan zan daɗe a kai don shi ne yake sa mutum biyu su yi aiki da saiti ɗaya waldarsu ta bambanta. Ga 0.9 marar gas bar milimita 12 zuwa 16, ga 1.2 mai gas kamar 19 zuwa 25. Dalili kuwa wannan ɗan tsawon yana ɗumama wayar kafin ta isa wuta, hodar ta shirya yin aikinta. In ka matso sosai amfiya ta hau kuma ramuka su fito, in ka ja da baya sosai amfiya ta sauka waldar ta kwanta a sama kawai tana kyau a ido amma ba ƙarfi, ga mai gas kuma kariyar ma ta tafi. Kaga kenan duk lokacin da hannunka yayi sama da ƙasa wuta kake canzawa ba tare da ka sani ba, shi yasa nake cewa ka dafa hannun bindigar da ɗaya hannun ko ka jingina gwiwar hannu a wani abu.

Ja ake yi ba turawa ba, bindiga ta kwanta digiri 10 zuwa 15 zuwa inda kake nufa, bakinta yana kallon waldar da ka bari a baya, ɓawo ya riƙa biyo ka a baya. In ka tura ko ka yi nawa, ɓawo ya sha gaban wuta ya maƙale a cikin walda. In layi biyu ko uku zaka yi ka kankare ɓawo tas da guduma da buroshi tsakanin kowanne.

Ga masu aikin da injiniya zai duba, irin ginshiƙan rumfa ko tanki, za'a tambaye ka yawan zafin da ka zuba. Lissafin shine boltej sau amfiya sau 60, a raba da saurin hannunka na milimita a minti sau 1000. Misali bolt 26, amfiya 220, tafiya milimita 300 a minti, ya bada kilojul 1.14 a kowace milimita. Ka rage sauri zuwa 150 ya ninka, nan ne ƙarfe yake lanƙwashewa kuma wajen waldar ya rage juriya.

Yanayinmu ma yana da nasa. Iskar hunturu tana kwashe gas, da ta wuce kamar kilomita 8 a awa mai gas bata da amfani a fili sai ka kare wurin da kwano ko tamfol, aikin waje marar gas ta fi. Da damina kada ka bar waya ta kwana a inji a buɗe, cire ta ka ɗaure a leda, danshi da tsatsa ramuka suke kawowa. Ƙaramin janareto mai hawa da sauka ko doguwar siririyar kebul suna cinye boltej, abinda mita ta nuna ba shi ne yake isa bakin bindiga ba. A zafin Maris da Afrilu kuma ka kula da abinda aka rubuta a bayan inji, in kaga 60% to minti 6 cikin 10 ne yake iya aiki a wannan amfiyar, sauran hutu.

Hayaƙinta yafi na MIG yawa sosai, dan Allah kada ayi a shago a rufe, kauda kanka daga inda yake tashi, sa gilashin kare ido mai duhun lamba 10 zuwa 12, kuma yaran shago su daina kallo da ido tsirara.

In ka samu saitin da ya yi maka, haɗa guntaye biyu kamar harafin T ka yi walda gefe ɗaya, ɗaure a bais ka buga da guduma ta wajen da waldar zata buɗe har ta karye, ka duba ciki ko ta ci har kusurwa. In ta ci, rubuta kaurin ƙarfe, sunan waya, gudu da boltej a littafi ka rataye kusa da injin.