Ga yaƙin basasa ga zaɓe, kai ne shugaban ƙasa: yadda zaka kasa ranarka

Abin da ya jawo wannan rubutun musu ne da ya ɓarke mana a teburin mai shayi a Kawo bayan isha'i. Wani dattijo tsohon soja da muke zama da shi, Baba muke ce masa, ya kafe kan cewa ƙasar da ake yaƙi a cikinta ba'a maganar akwatin zaɓe, wai Gowon ma da ya yi yaƙin 1967 zuwa 1970 wa ya ga ya buga fosta? Nace Baba ai Gowon soja ne, babu wanda ya zaɓe shi balle ya koma neman ƙuri'a, idan ana son misali na farar hula sai an tsallaka Amurka shekarar 1864, lokacin Abraham Lincoln. Yace toh ɗana faɗa min ya mutum ɗaya zai yi da rana ɗaya, ya ji da bindiga ya ji da ƴan siyasa. Shine na zauna na jera abin yadda na fahimce shi, kamar kai mai karatu ne aka danƙa wa kujerar.

Ka fara sanin ramin da kake ciki. Jihohi 11 na kudu sun ɓalle, an shiga shekara ta huɗu ana kashe juna tun 1861, hedikwatar ƴan tawayen Richmond ce kuma tsakaninta da Washington inda kake kwana bai kai Kaduna zuwa Abuja ba. Zaɓe ranar 8 ga Nuwamba. Wanda zai tsaya maka a gaba kuma Janar George McClellan ne na jam'iyyar adawa ta Democrat, mutumin da kai da hannunka ka sauke shi daga shugabancin runduna a 1862, sojoji na son shi. Toh bismillah.

Da sassafe, kafin kowa ya ganka, ka zauna da takarda. Lincoln da rani ba'a cikin fadar White House yake kwana ba, akwai wani ɗan gida a harabar gidan tsofaffin sojoji kamar kilomita biyar daga fadar, can yake kwana da iyali ya hau doki ko keken doki ya shigo aiki. Karin kumallonsa ƙwai ɗaya da kofi, shikenan. Wannan awa ɗaya ko biyun ita kaɗai ce taka a yinin, kada ka ɓata ta da karanta zagin jarida, abin da za'a sa wa hannu ka sa masa, wasiƙar da ba wanda zai iya rubutawa sai kai ka rubuta. Sauran ka bar wa yaranka. Shi sakatarori biyu ne ginshiƙinsa, John Nicolay da John Hay, samari ne, su ke tace wasiƙu ɗaruruwa kullum su miƙo masa kaɗan. Ka lura, biyu. Mu nan kansila ma sai ka ƙirga masa masu ba da shawara goma sha wani abu kuma wasiƙarka ta kwana wata shida ba amsa.

Daga nan labarin fagen daga, kuma kada ka jira a kawo maka shi a faranti. A fadar babu wayar tangaraho, tana ma'aikatar yaƙi a maƙwabta, sai ya taka da ƙafa ya je ofishin ya buɗe durowa ya karanta saƙonnin da suka shigo ɗaya bayan ɗaya yadda janarori suka aiko su, da safe ya je, da dare ya koma, in ana gwabza babban faɗa har kwana yake a can. Hikimar a nan ita ce duk labarin da ya bi ta hannun mutum uku kafin ya iso ka an riga an sa masa gishiri, wanda aka kashe masa mutum dubu zai ce ɗari biyu ne kuma mun ja da baya ne don dabara. Ka karanta da idonka. Amma fa karantawa daban, tsoma baki daban. A watan Maris na 1864 ya ɗora Ulysses Grant a kan dukkan rundunonin ƙasar ya sakar masa mara, ko a watan Mayu da Yuni da aka yi asarar mutum sama da dubu hamsin tsakanin matattu da masu rauni da ɓatattu, jaridu na kiran Grant mahauci, bai cire shi ba. A Agusta ma saƙon tangaraho ya aika masa gajere cewa ya riƙe wuyan abokin gaba riƙon kare kada ya saki. Idan ka zaɓi janar ka tsaya masa, ranar da ka fara sauya kwamanda saboda lissafin ƙuri'a ranar ka fara rasa duka biyun.

Wani abu ɗaya kada ka kwaikwaye shi. A watan Yuli Janar Jubal Early na ƴan tawaye ya kawo hari har bakin Washington, Lincoln ya tafi sansanin Fort Stevens ya hau ganuwa yana leƙe ga doguwar hularsa ga tsawonsa, harsashi na wucewa har aka harbi wani likitan soja kusa da shi. Wannan ganganci ne wallahi, Baba ma da na ba shi labarin cewa yayi da shi ne kofur a wurin da ya janyo shi ƙasa ta riga.

Hantsi kuma ka buɗe ƙofa. Nan ne aikin da ya fi cin rai, kuma nan ne na fi so mu tsaya. Benen fadar cika yake da mutane, sanatoci da ƴan majalisa su ake fara shigarwa, sannan kowa da kowa, mai neman a ba shi shugaban gidan waya na ƙauyensu, mai ƙera sabuwar bindiga yana so a gwada, matar da aka kashe mijinta ba'a biya ta haƙƙinsa ba, uwar da aka yanke wa ɗanta hukuncin harbi saboda ya gudu daga fagen daga ko barci ya ɗauke shi a bakin gadi. Mutanensa sun sha ce masa yana kashe kansa, ya rage, bai daina ba. Kai ma kada ka daina, don a shekarar zaɓe babu rahoton da zai gaya maka zafin da ƙasa ke ciki kamar fuskar wanda ya kwana uku a hanya don ya ganka minti biyar. Dabarar ita ce ka yanke magana a take, in eh ne ka rubuta a bayan takardar mutum ko ɗan kati ka tura shi wurin ministan da abin ya shafa, in a'a ne ka faɗa masa a'a cikin mutunci ya tafi, kada ka ce masa ya dawo jibi alhali ka san jibin babu komai. Lincoln yakan ba da labarin barkwanci ya raka mutum bakin ƙofa, sai ya fita yake gane ashe ba'a ba shi komai ba, amma bai fita da haushi ba.

Fayil ɗin kotun soja kuwa ka ware masa lokaci nasa, kada ka sa hannu a tsaye. Hukuncin kisa na soja sai ya biyo ta teburinsa, kuma an san shi da neman kowace ƙofa da zai bi ya sassauta wa yaron da tsoro ya kora, janarori na ƙorafin yana lalata musu ladabtarwa. Amma mai cin zalin mata da mai fataucin bayi ba ya samun wannan sassaucin. Ka san inda tausayinka ya tsaya tun kafin uwar yaro ta durƙusa a gabanka tana kuka, in ba haka ba duk wanda ya fi iya kuka shi zai ci.

Talata da Juma'a zaman majalisar ministoci. Abincin rana ɗan biskit da madara ko tuffa, ka wuce.

Siyasa fa? A zamanin ɗan takarar shugaban ƙasa ba ya yawon kamfe, abin kunya ne ma a ganka kana roƙon ƙuri'a da bakinka, don haka kada ka zata wai ba ya siyasa. Yana yi sosai, a zaune. Jam'iyyarsa ta Republican ta sauya suna ta koma National Union don ƴan Democrat masu goyon bayan yaƙi su samu ƙofar shiga, a taron Baltimore a watan Yuni aka ɗauko Andrew Johnson ɗan Tennessee, jihar kudu, aka yi masa mataimaki. Ministan kuɗinsa Salmon Chase yana cikin gwamnati yana haƙa masa rami yana son kujerar, ya saba miƙa takardar murabus a lallashe shi, a ƙarshen Yuni ya sake miƙawa sai kawai Lincoln ya karɓa. A Satumba kuma John Frémont da ya ɓalle yake neman raba musu ƙuri'a ya janye, washegari Montgomery Blair ministan gidan waya, wanda masu zafin ra'ayin jam'iyya suka tsana, ya ajiye aiki bisa buƙatar shugaban. Kai ka haɗa lissafin. Kuma kada in yi maka ƙarya cewa komai fari ne tas, an tatsi ma'aikatan gwamnati kuɗin jam'iyya daga albashinsu, an raba muƙamai don a toshe baki, an tsare mutane ba shari'a a lokacin yaƙin, an rufe wasu jaridu na ɗan lokaci. Wanda ya saba ganin yadda ake rabon kwamishinoni a garin nan ba zai ga baƙon abu ba.

Abin da zai gwada ka shine ranar da buƙatar yaƙi ta ci karo da buƙatar zaɓe. Ranar 18 ga Yuli, saura ƙasa da wata huɗu a kaɗa ƙuri'a, ya sa hannu a kira sabbin sojoji 500,000, in jihohi basu cika adadinsu ba a ɗebi mutane dole a watan Satumba. Ka duba fa, kana neman ƙuri'ar uba kana aika masa takardar ɗaukar ɗansa. Ƴan jam'iyyarsa sun roƙe shi ya ɗage har bayan zaɓe, ya ƙi. Masu cewa a yi sulhu kuma kada ka kore su, editan jarida Horace Greeley ya dame shi cewa ga wakilan kudu can a Niagara ta ɓangaren Kanada suna son magana, sai yace toh kai ka je da kanka, ya kuma aika sharaɗi a rubuce, ƙasa ta koma ɗaya kuma a daina bautar da bayi. Maganar ta mutu a nan, amma ba wanda zai ce shi ya ƙi sauraro.

Sai abu mafi wuya, ka shirya wa faɗuwa. A watan Agusta kowa ya cire rai, har shugaban kwamitin kamfe ɗinsa Henry Raymond ya rubuto masa cewa iska ta juya musu baya. Ranar 23 ga Agusta Lincoln ya rubuta ƴar takarda cewa da alama ba za'a sake zaɓensa ba, kuma in haka ta faru aikinsa ne ya haɗa kai da wanda ya ci don a ceto ƙasar tsakanin ranar zaɓe da ranar rantsuwa, ya naɗe ya manne ya sa ministocinsa suka sa hannu a baya ba tare da sun karanta ba. Kwana huɗu kafin nan ya kira Frederick Douglass, baƙar fata tsohon bawa, suka tattauna yadda za'a fito da bayi da yawa daga kudu tun kafin sabuwar gwamnati ta rufe ƙofar. A duk wannan bai nemi a ɗage zaɓen ba. Na tuna wa Baba namu na 2015 da aka matsar daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris saboda Boko Haram, yadda garin nan ya ɗauki zafi mutane na kwashe iyali suna barin gari, sati shida kawai kenan.

Sojojin da ke daji kuma ka tabbatar sun yi zaɓe. Jihohi da dama sun yi doka a kaɗa ƙuri'a a sansani, Indiana bata yi ba, sai Lincoln ya rubuta wa Janar Sherman, ɗaya daga cikin manyan kwamandojinsa, a Satumba yana roƙon in zai yiwu ba tare da cutar da yaƙin ba a ba ƴan Indiana fas su je gida zaɓen jiharsu na Oktoba, kuma ya faɗa a wasiƙar cewa ba umarni yake bayarwa ba.

Abin da ya juya lamarin daga fagen daga ya zo. Ƴan Democrat sun taru a Chicago ƙarshen Agusta sun rubuta a manufarsu cewa yaƙin ya gaza, ko tawadar bata bushe ba Atlanta, babban birni a yankin ƴan tawaye, ta faɗa hannun Sherman ranar 2 ga Satumba, sannan Janar Sheridan, shi ma na gwamnati, ya share ƴan tawaye daga kwarin Shenandoah a Oktoba.

Daren zaɓe ana ruwan sama, ya taka zuwa ofishin tangarahon nan dai da ya saba, ya zauna ana karanto sakamako. Ya samu 212 cikin ƙuri'un wakilan jihohi, waɗanda su ke tabbatar da shugaban ƙasa a Amurka, McClellan 21, jihohi uku kacal, Kentucky da Delaware da New Jersey. Kusan kashi 55 na ƙuri'un jama'a, a cikin sojojin da aka ƙirga nasu daban kuwa kusan kashi 78 shi suka zaɓa suka bar tsohon janar ɗinsu. Da ministoci suka zauna ranar 11 ga Nuwamba ya ciro takardar nan daga durowa, ya miƙa wa Hay ya yanke mannen, ya karanta musu abin da suka sa wa hannu tun Agusta.

Baba ya kurɓi shayinsa da ya riga ya huce, yace toh ɗana shi wannan mutumin yaushe yake barci? Nace Baba kaɗan, tsakar dare ma akan gan shi yana zagaye a baranda da rigar barci. Ya ɗaga wa mai shayi hannu yace a ƙara masa ruwan zafi.